Samirar da ke Ƙarƙashin Gado

A shekarar farin nan na haifi ɗiyata ta biyu, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kabi ba tukuna. Muna zaune a Nasarawa ta Birnin Kabi, maigidana Malam yana koyarwa a firamare. Inna mahaifiyata ta taso daga Argungu don ta yi mini wankan jego, ta zo hannu rabbana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce gulbi ya janye, fadama ta tsage, shinkafa ta mutu a tsaye. Matar masunci guda, ko busasshen kifi ɗaya ba ta samo mini ba.

Ragon suna kam an yanka, ɗan ƙarami. Inna da kanta ta soya kason mai jego, ta barbaɗa yaji, ta cika samirata, kwanon nan nawa mai murfi da fure. Haka ake yi: mai jego ta riƙa tsakura kullum har ta yi arba'in, ta mayar da jini, nono ya kawo.

Washegari da safe Malam ya tsaya a bakin ƙofata, ya gyara murya. Malam dai akwai baki, in ya fara bayani sai ka ga kamar kai ne ba ka da hankali. Ya ce maƙwabta na kwana da yunwa, bai kamata mu ci nama suna jin ƙamshi ba. Zai kai samirar masallaci a raba sadaka. Ya ce ai ma ya karanta cewa wake da ƙuli-ƙuli da ganye sun ishi jiki, har sun fi nama lafiya. Daga yau gidan nan ganye za a ci, shi ma haka.

Inna ta ce, "Malam, jego da ganye? Mi za ta shayar da ɗiyar da shi?"

Ni ce na tare mata baki. Na ce, "Haba Inna, ladar ai tamu ce duka." Wallahi a ranar daɗi na ji, na ga na auri mutumin kirki.

To, muka shiga ganye. Kwaɗon tafasa da rana, rama da yamma, zogale in an samu a gidan maƙwabta. Ranar da wake ya shigo gidan, ranar biki ke nan. Inna ta kan fita bayan gari da tsufanta ta tsinko tafasa, ta dafa ta sau biyu don warin ya ragu. Ba zan yi wa ganye butulci ba, shi ya riƙe rabin garin nan a shekarar. Amma ga ruwan zafi safe da yamma, ga jaririya. Na fara ganin jiri in na fito wanka. Nono ya ragu, yarinya ta tsotsa ta saki ta tsala kuka, wuyanta duk ya yi siriri. Malam kuwa ya zauna a tabarma ya ci ɗan kwaɗonsa, ya ce alhamdu lillahi, shi har ya fi jin ƙarfi.

Mai jego ba ta shiga ɗakin miji sai ta yi arba'in, suruka kuwa ko bakin ƙofar ba ta zuwa. Ya san da haka.

Ina da kwana talatin da ɗoriya, yana makaranta, na ga kiyashi sun yi layi daga gindin randa sun shige ƙarƙashin ƙofarsa. Na ce kada su ɓata masa littattafai. Na ɗauki tsintsiya na shiga, na bi layin har ƙarƙashin gado. Samirata ce a bayan kwalin littattafai, an ɗora mata ƙamus a kan murfi. Na buɗe. Tsoka uku suka rage, sai yaji da daskararren mai, da sawun yatsu.

Ban yi kuka ba, zama na yi a ƙasa. Yarinya na can tana kukan yunwa, ina jin ta.

Na kai wa Inna. Ta duba, ta kau da kai. Ta ce, "Na daɗe ina jin ƙamshin yajina a hannunshi in ya miƙo kwano. To mi zan ce, ke da kika tare mini baki?" Ta ɗumama tsokokin ukun, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Da yamma na wanke samirar tas, na zuba masa kwaɗon tafasa a ciki, na ajiye a gabansa. Ina jira ya yi magana, ko ƙarya ce ya yi, mutumin da baki bai taɓa gagararsa ba. Ya dubi samirar, ya dubi yarinyar da ke bayana. Sai ya jawo buta ya wanke hannu, ya yi bisimilla ya fara ci.

Shekara ashirin da shida muka ƙara tare, a cikinta nake zuba masa abinci, kuma bai taɓa tambayata dalili ba.