Shekarar da Kurkunu Ya Kwantar da Kakana

Duk lokacin da na ji ana wasa fartanya a jikin dutse, sai kakana ya faɗo mini a rai. Baba Tsoho muke ce masa. Dattijo ne a majami'ar ƙauyenmu, can bayan garin Fulatan, kuma in ka ga gonarsa da damina sai ka rantse da tsintsiya ake share ta.

Kada ka ɗauka marowaci ne, ko kusa. Shi ne na farko a gayyar kowa, Kirista ko Musulmi, shi ne na ƙarshen tashi. Ranar godiyar kaka kuwa, sai mutum biyu sun kama daminsa kafin ya shiga ƙofar majami'a, kuma yana son a ga hakan. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya karɓa. Ko goro ka miƙa masa, sai ya laluba aljihu ya ba ka biyu. "Kiran gayya sai rago," in ji shi, yana hararar ƙanensa da ke kiran ta duk shekara.

Sai ga shekarar da kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, daidai noman farko. Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba, Allah ya raba ku da saninsa. Tsutsa ce siririya kamar zare, daga ruwan tafki ake ɗaukar ta, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya yi makonni bai taka ƙasa ba. Babana ya riga ya rasu, gidan daga mata sai yara, kuma abin da gonar nan ta bayar shi ne tuwonmu na shekara. Kakata da innata suka yi iya yinsu, amma ruwa na zuba, ciyawa na shanye dawa. Sau biyu mai bishara ya nemi izinin ya sanar a majami'a a yi masa gayya, sau biyu Baba Tsoho ya ce gobe zai tashi.

Ran nan kakata ta ajiye masa kunu, ta ce, "Maigida, kowace Lahadi kana gaya wa mutane alherin Allah kyauta ne, sai dai a buɗe hannu a karɓa. To, ni tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin tafin hannunka ba." Ya juya fuska bango.

Ran Asabar da hantsi muka ji ganga daga wajen gona. Baba Tsoho ya hasala, ya ce a ɗora shi kan jaki, kakata ta ja, muka bi su duu. Muka tarar da maza sun jeru, ƙanensa a gaba. Ko furarsu da ita suka zo, alhali a al'ada mai gona ne ke ciyar da 'yan gayya.

"Wa ya kira ku?"

"Babu wanda ya kira mu, Yaya."

"Ban dafa muku komai ba. Ba ni da ƙafar da zan rama muku."

"Mun sani. Shi ya sa muka zo."

Aka sauke shi a gindin ɗorawa. Ƙanen ya ɗebo fura ya miƙa masa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya karɓa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. A lokacin kunya ce ta kama ni. Yanzu kuwa, ban taɓa ƙaunarsa kamar yadda nake ƙaunarsa in na tuna ranar ba.

Yau feshi ake yi, gayya ta yi wuya, kowa na alfaharin ba ya neman kowa. Ni ma barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Bara da aka yi mini aiki a asibiti, maƙwabciyata ta shigo za ta yi mini wanki. Bakina ya riga ni: "Bar shi, Maman yara, zan iya." Ta tsaya da bokiti a hannu tana kallona, ni ko miƙewa ba na iya yi.

"Ƙarya nake yi," na ce mata. "Sabulun na kan taga."