Mutumin da Aka Ce Ya Ƙi Kujera

Shekara talatin ke nan da aka ɗauki Malam daga ɗakinsa a Danchadi aka kai shi makwanci. Ba zan ambaci sunansa da bakin kaina ba, don ba a yi mini tarbiyyar kiran sunan miji ba, ko bayan ransa. Kowace shekara samari 'yan jami'a kan zo su durƙusa a zaurena, su ce in ba su labarin mutumin da aka miƙa wa shugabanci ya ƙi. Nakan dama musu fura in sallame su. Bana dai na gaji da wannan ƙarya, kuma shekaruna sun kai in faɗi abin da na gani.

A ƙarshen zamanin Turawa Malam yana kwalejin horon malamai, yana kuma cikin wata ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayin riƙau da ke da rassa a manyan makarantun ƙasar nan. Aƙidarsu a bi sarakuna, a girmama manya, kada a yi gaggawar canja komai. Wanda ya shugabance ta kuwa ya haye: manya su san fuskarsa, a tura shi kwas Ingila, ya dawo ofis yana jiransa. Malam ya so kujerar nan kamar ransa. Ina amarya lokacin, amma na fi jin sunan ƙungiyar a bakinsa fiye da nawa.

Su ba sa jefa ƙuri'a, a wajensu wannan aikin marasa kunya ne. Sai a ambaci mutum, ya miƙe ya sunkuyar da kai ya ce bai isa ba. Jama'a su yi caa, su ce shi suke so. Ya sake ƙi, a sake matsa masa, har wani babba ya haɗa shi da Allah, sannan ya karɓa yana matse hawaye. Kowa ya san wasa ne, kowa kuma ya san inda zai shigo.

Wanda aka shirya zai fara ɗaga murya idan Malam ya ƙi shi ne amininsa Sambo, ɗan Dandin Mahe ta ƙasar Shagari, magatakardan ƙungiyar. Tare suka ƙarar da hutu suna bin wakilai suna neman goyon baya a ɓoye. Sambo ya ci tuwona har na san yawan yajin da yake so.

A shekarar aka kawo babban taron ƙungiyar Bodinga, a makarantar elamantare, aka gayyato iyayen ƙasa su zauna gaba. Surukina, manomin albasa, ya sa rigar sallarsa, ya kuma yanka rago tun da safe. Mu mata muna girki a bayan aji, taga a buɗe, kunnena yana ciki.

Aka ambaci Malam. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai yadda ya sha gwadawa a gabana, ya ce, "Ni ban isa ba. Akwai manyana cikin ɗakin ga, a duba wani."

Sai shiru. Wallahi har tafasar tukunya nake ji. Malam ya ɗan ɗago ya nemi idon Sambo. Sambo ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya ce, "'Yan uwa, kun jiya da kunnenku. Umaru ba shi maganar wasa. Mun amshi uzurinai, Allah shi saka mai da alheri."

Daga baya muka ji yadda aka yi. Sambo ya bi wakilai ɗaya bayan ɗaya ya ce musu Malam ya roƙe shi a asirce kada a ɗora masa wannan kaya, tsohonsa ya tsufa, gona na jiransa. Wasu sun yi shiru don tausayi, wasu don an yi musu alkawarin muƙami. Da aka ambaci Sambo ya ce shi ma bai isa ba, ɗakin ya ɗauka har rufin kwano yana amsawa.

To da wane baki Malam zai ce wasa yake yi? A cikin mutanen nan, wanda ya nuna yana so ya tashi daga mutum. Shi aka tura ya fara miƙa wa Sambo hannu. Ragon da aka yanka dominsa, ni na zuba wa Sambo cinyarsa. Da yamma surukina ya dube shi a gaban 'yan uwa ya ce, "Umaru, abin da ba a ba ka ba, ƙaƙa kam maishe shi?" Aka yi dariya.

Sambo ya tafi Ingila, ya dawo ya zama abin da ya zama. Malam ya yi ta koyarwa a ƙauyuka, ya daɗe a Mandera, kuma ba zan ɓoye ba, zama da shi ya yi wuya. Tun daga ranar nan ya daina tayi sau biyu. Baƙo ya zo ana cin abinci, a ce bismilla, ya ce alhamdu lillahi don kara, sai Malam ya sa a ɗauke kwanon. Mahaifiyata ta taso da ƙafa daga Shagari ta zo ganina, aka kawo mata tuwo ta ce ta ƙoshi, kamar yadda kowace suruka ke yi. Ya ce a mayar. Da yunwa ta koma, kuma ba ta sake taka gidanmu ba har ta rasu. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau ban gama hucewa ba.

Yanzu in na ga ɗalibai suna manna hotunansu a bango, suna zagin juna da lasifika don kujerar ƙungiya, nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Tsofaffi sa'o'insa suna cewa kunya ta ƙare. Ni na san shi dariya zai yi, ya ce yaran nan sun fi su gaskiya, ko ba komai ka san wanda ke neman wuyanka.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani, sai ga Sambo, yanzu Alhaji, a doguwar mota da mutane biye da shi. Ya zauna bakin gado ya ce, "Umaru, wanga kwanci ya yi yawa. Tashi in kai ka asibiti birni."

Ni da ke tsaye na san tayin fatar baki ne, irin wanda ake amsawa da godiya. Malam kuwa ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai ni. Don Allah kai ni yanzu."

Alhaji ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce ana jiransa wurin wani taro, amma gobe da sassafe zai aiko da direba. Washegari Malam ya sa na yi masa wanka, na sa masa riga da hula, aka jingina shi a zaure yana kallon hanya. Haka ya yi ta yi kullum, duk ƙarar mota ya ce in leƙa. Motar ba ta zo ba sai ranar ta'aziyya. A nan Alhaji ya miƙe a gaban jama'a ya ce bai taɓa ganin mutumin da ba ya son komai na duniya irin Umaru ba, an ba shi mulki ya ƙi. Daga bakinsa labarin ya fito, shi ne samarin nan ke kawo mini har yau.

Abin da ya rage na Malam ke nan a bakin mutane: yabon da maƙiyinsa ya ɗinka masa, wanda da yana raye zai yage shi. Ni abin da ya rage mini daban ne. Na zauna da mutum mai kaifin kai da zafin zuciya, wanda ya yi kara sau ɗaya aka yanka shi da ita, ya bar kara sau ɗaya aka bar shi ya mutu. Masu zuwa zaurena, in za ku yi masa addu'a ku yi, yana bukata, Allah ya yafe masa abin da ya yi wa uwata. Amma ku daina cewa ya ƙi. Mijina ya so kujerar nan, ya kuma so ya rayu, babu wadda aka ba shi.