Bashin Waɗanda Suka Tashi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron masana lissafin kamfani su ga wautata.

Ni da wani Alhaji muka buɗe shagon taki da iri a Faskari. Shi ya koya mini auna ƙarfin shago. Ka haɗa duk abin da zai zama kuɗi kafin shekara ta zagayo: kuɗin hannu, kayan sito, da bashin da kake bin manoma. Ka raba shi da abin da diloli masu ba ka kaya ke bin ka. In ya ninka biyu, shago na da lafiya.

"Sai ka cire kayan sito ka sake rabawa, sarkin fargaba," in ji shi yana dariya. "Dila ba ya karɓar buhu. In wannan bai kai ɗaya ba, ranar na yarda ka rame."

Da zaman ƙauye ya yi wuya, Alhaji ya sayar mini da kasonsa ya koma Zariya. Manoman gefen Mabai da Damari da ke cika mana benci ranar kasuwa, da yawansu sun tashi, da bashina a kansu. Yanzu ni kaɗai nake wuni. Wani lokacin nakan faɗi amsar lissafin a fili, sai in tuna ba mai ji.

Bana dila ya ce zai ba ni taki, in biya da kaka. In na sa bashin waɗanda suka tashi, awo na biyun ya haura ɗaya. In na cire, ko rabi bai kai ba, kuma karɓar takin za ta iya cinye shagon.

Na kira Alhaji. Ya ce, "Cire su kawai, ka huta." Na kasa. Mutanen nan ba su taɓa hana ni kwabo ba. Akwai dattijon da ke kawo mini gyaɗa kafin ya kawo kuɗi. Cire su kamar na yanke cewa ba za su dawo ba ne. Barin su kuma, ina tsoron yaudarar dila nake yi.

Don Allah, wanda ya san wannan lissafi ya faɗa mini: tsawon wane lokaci ake jiran bashi kafin a daina ƙirga shi? Wanda kuma ya ji ko mutanen nan za su dawo noma bana, ya sanar da ni kafin ruwan shuka ya sauka.