Malama Mahbuba da Littafinta da Ya Maƙale

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake komawa. Ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malama Mahbuba Abdulwahab, mai makarantar matan aure ta Limawa a Dutse.

Malama, ni ce Zakiyya, ɗalibarki. Na zo wurinki daga Buji ban iya haɗa baƙi ba, kika zaunar da ni gefenki har bakina ya buɗe. Wadda goyonta ya dame ta da kuka, ke kike karɓar jaririn ki saɓa a kafaɗa, karatu bai tsaya ba.

Shekara da shekaru kina rubuta mana littafin hukunce-hukuncen tsarki da Hausa, da yatsa biyu, a tsohuwar kwamfutar marigayi maigidanki. Da kika kammala, ɗanki Izzuddeen ya tafi da shi Kano, aka gyara, aka tsara shafuka a sabuwar manhaja. Da ya dawo da shi a filash, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, sai kwamfutarki ta ƙi buɗe fayil ɗin. Ga shi kuma an goge na asalin, a zaton ba a bukatarsa.

Muka kai shagon buga takardu. Can ya buɗe, amma duk inda kika sa ƙ ko ɗ, ɗan akwati ne ya fito. Ayoyin kuwa sun wargaje, ƙarshe ya koma farko. Aka juya fayil ɗin zuwa tsohon tsari, sai bayanan ƙasan shafi suka ɓace. Mai shagon ya ce a buga haka, masu karatu za su gane.

Kika ce, "Ɗana, ba da sunana za a buga ayar Allah a juye ba."

A lokacin ciwon suga ya fara cin idonki. Ga littafinki a hannunki, ba ki iya buɗe shi a gida, inda yake buɗewa kuma ba ki iya ganinsa. Ban taɓa jin kin tsine wa na'urar ba. Sai dai kullum bayan an tashi daga karatu, in karanta miki layi-layi daga kwafin gwaji da muka karɓo a shagon, ki gyara da ka, ni kuma in sake bugawa a tsohuwar kwamfutar. Mun tsaya a babin taimama.

Sauran yana nan, Malama. Nakan buɗe, in iske wurin da ban san me kika nufa ba, in juya zan tambaye ki.

Ina miƙa ta'aziyya ga Izzuddeen, da ƙanwarsa Safina, da Iya Gaji da ta yi jinyarki, da dukan ɗalibanki. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Mu kuma Ya ba mu haƙuri, Ya kawo mana wanda zai ƙarasa wannan aiki ba tare da an sauya miki harafi ɗaya ba. Amin.