Ranar da ƙanwata ta aske kanta

Ko na manta da komai na zamanmu a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, ranar da muka dawo daga Umara ni da ƙanwata ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin shekararta goma sha biyar, ni kuwa ana ta shirin bikina, ina ji da kaina kamar na gama sanin duniya.

Yarinyar tun tana ƙarama ba ta shiga sabgar mata. Lalle sai an danne ta, kwalli kuwa ko kallo bai ishe ta ba. In ta cire abaya a gida, tsohuwar jallabiyar yayanmu ce a jikinta. Umma takan ce, "Ku ƙyale ta, murahaƙa ce, za ta wuce." Haka Larabawa ke kiran rawar kan balaga, mu kuma muka ari kalmar muna rufe kowace magana da ita.

Da hantsi muka shigo gida, ƙafafu sun yi tsami saboda Safa da Marwa. Mu mata ba a can muke rage gashi ba, sai mun dawo gida a datse kamar gaɓar yatsa, a fita daga harami. Na ɗauko almakashi na kama jelar kitsonta, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don Allah ki aske duka, irin na maza."

Na dungure mata kai, na datse nawa na wuce. Ashe ta ɗauki injin askin yayanmu ta shige banɗaki. Da ta fito, kan nan tal. Umma ta dinga salati, gwaggonmu kuwa dariya har da riƙe ciki. "Gashi ne, zai fito," in ji gwaggon. "Nan da shekara biyu ita za ta ishe ku da zancen man kitso."

Bayan la'asar ta same ni a saman bene ina kwashe shanya. Ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, wallahi ba wasa nake ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ni mace ce ba. Ƙawayena suna zancen samari, ni ko a jikina. Tsoro nake ji, kuma ban san wa zan gaya wa ba."

Gaskiya ni ma tsoron ne ya kama ni, na abin da za a ce a unguwa, har da dangin mijin da zan aura. Ban ko dube ta ba na ce, "Halas, ya isa haka, kowa ya yi irin wannan. Zai wuce." Ta ce, "To, Yaya," ta ɗauki kwandon kayan ta sauka.

Gashi ya fito, a gida aka ce ai dama mun faɗa. Yanzu tana zaune a unguwar Shisha, tana aikinta, tana zuwa gaishe ni da tsarabar yara. Amma tun daga ranar ba ta sake gaya mini abin da ke ranta ba, ko ciwon kai ne. Ya wuce ko bai wuce ba, har yau ban sani ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ba amsa ta zo nema wurina ba, don ba ni da ita. Abin da na koya shi ne, in yaro ya kawo maka tsoronsa, ka zauna ka ji shi tukuna. In ka sallame shi da "zai wuce", ba lallai ya sake dawowa ba.