Sabo Makaɗi da Samarin da Suka Hau Mota

Shekarar da aka sami mulkin kai, motar majigi ta zo Surko. Aka kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, aka nuno wasu manoma suna huɗa. Sabo, mai gangar noman garinmu, ya duba ya ga ba mai yi musu kiɗa. Tausayi ya kama shi, ya ruga ya ɗauko ganga, ya tsaya gaban ƙyallen ya hau duka.

Mai majigi ya ce, "Malam, zauna, ka tare wa jama'a!"

"Ba ka ga jikinsu ya mutu ba? Bari in zaburar da su."

"Hoto ne, ba sa jin ka."

"To me ya sa wancan ya ɗago kai?"

Ƙarti suka ɗauke shi cak, shi da gangar, yana wutsil-wutsil.

Ku yi dariya, ni ma na yi har da hawaye. Amma a wancan zamanin ba a gayya daga Surko har Wurno sai da shi. Kowane saurayi da takensa. In Sabo ya kaɗa naka, ko zazzaɓi kake yi sai ka miƙe ka yi kirari, ka danƙi garma. A kaɗa takenka ka yi shiru, gara ka bar gari. Gajere ne, ga ƙafafu kamar na zakara, amma in muka kai fura gona shi muke fara miƙa wa.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Samari suka ji ana neman leburori a Kano da Legas, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har da nawa 'ya'yan. Sabo, bawan Allah, ya ɗauka ganga za ta tsayar da su. Ranar da Badaru, wanda ba a taɓa wuce shi a kunyar noma ba, ya hau mota a tashar Birnin Kudu, Sabo ya tsaya gindin motar ya kaɗa takensa. Badaru ya sunkuya, ya cusa yatsu a kunne. Direba ya ba ta wuta. Sabo ya bi su yana kiɗa har kwalta ta ƙona masa ƙafa.

Damina ta faɗi, ciyawa ta cinye gonaki. Kullum da safe sai ya je bakin gona ya kaɗa taken samarin duka, yana ɗan dakatawa bayan kowanne, wai ko za a amsa.

Abin ya ishe ni, na tare shi a hanya.

"Kai Sabo, tsufa ne ko taɓuwa? Wa kake yi wa kiɗa, gafiya?"

"Bar ni, Mero."

"Ba zan bari ba! Waɗanda kake kira suna can suna ɗaukar siminti. Ka rataye ta ka huta."

Ya gyara ratayar gangar, ya dube ni.

"Ke ma ai kullum tuwon gida guda kike tuƙawa, alhali ke kaɗai ce a gidan. Na taɓa tambayar ki wa zai ci?"