Don Cleofas, Mai Buɗe wa Tafki Hanya

Kafin gari ya gama wayewa, Don Cleofas Mariche ya riga ya kurɓi kofinsa a tsaye, ya naɗe wainar masara da ɗan barkono a tsumma, ya saɓa shebur. Babu mai ce masa a dawo lafiya. Tun da matarsa Doña Eufrosina ta rasu, da kansa yake jawo ƙyauren, ya ce wa gidan, "To, na tafi." Sai ya tura kwalekwalensa, ya tuƙa tsawon tafkin nan namu har ƙarshensa, inda tudun yashi ya raba shi da teku. Haka muka taso muka gan shi, haka muka fara furfura muna ganinsa, kuma a cikinmu ba a sami wanda ya ce masa sannu ba.

Kowa a Barra de San Cleto ya san halin tafkin. Da rani teku takan tara yashi ta toshe masa hanya. Idan damina ta sauka koguna suka cika shi, dole tsohon ruwa ya fita, sabon ruwan gishiri ya shigo da 'ya'yan kifi da jatan lande. In ba haka ba, ruwan ya yi ɗumi, ya yi kore, abin da ke ciki ya mutu. Babu tukunyar da ake ɗorawa a garin nan da ba tafkin ne ya cika ta ba.

A zamanin iyayenmu gayya ake yi. Akwai wata ƙatuwar katantanwar teku da ake busawa kamar ƙaho, da an ji ta maza su fito da shebur, mata su biyo da abinci, a wuni ana haƙa ana waƙa. Don Cleofas ya gaji katantanwar daga mahaifinsa. Sai titi ya iso garinmu, samari suka bi shi ɗaya bayan ɗaya zuwa arewa neman aiki. Wata shekara ya busa, tsofaffi kaɗan suka fito. Wata shekarar ya busa har jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya amsa sai karnuka. Ya koma gida ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, ya ɗauki sheburinsa ya tafi shi kaɗai.

Mu kuwa me muka yi? Dariya. Amininsa Tiburcio, wanda ya riƙe masa 'yarsa ranar baftisma har suke kiran juna compadre saboda haka, kullum yana kwance cikin ragar lilo a bakin mashiga, shi ne shugaban masu tsiya.

"Compadre, yau ma susar za a je yi wa teku?"

"Ita ta aiko a kira ni."

"To ka gaishe ta. Ka ce in ta gaji da kai ga ni nan, ni ma gwauro ne."

"Kai da ko hamma sai ka huta a tsakiya? Kwanta abinka, compadre."

A ganinmu, mutum ɗaya da shebur ɗaya a gaban teku ai wasan yara ne. Ba mu taɓa zuwa mun duba ba. 'Yar siririyar hanya yake haƙawa, wadda mutum zai ƙetare da taki ɗaya. Ya haƙa yau, raƙuman ruwa su cike ta, gobe ya dawo ya sake. Robobi da tsofaffin takalma da guntayen taru da teku ta amayar, ya tsince su ya cika buhu. Haka zai yi ta yi har ranar da tafkin ya cika ya batse. Ranar sai ruwa ya fara bin hanyar kamar an tuntsurar da tulu, yana cin gefe da gefe, kafin la'asar ta zama kogi mai ruri. Mu a gari sai mu ji rurin, a kaɗa ƙararrawar coci, a ce San Cleto, waliyyin garinmu, ya buɗe hanya! A ɗauko mutum-mutumin waliyyin a zaga gari da shi da kyandir da kiɗa. Don Cleofas yakan bi can baya, riƙe da nasa kyandir ɗin, yashi bai ma bushe a ƙwaurinsa ba.

Mutum ɗaya ce ta gani da idonta. Doña Gudelia Noyola, mai ɗiban ƙumba a saiwoyin itatuwan bakin tafki, ta taɓa ratsawa ta can da tsakar rana. Ta tarar da shi zaune a gefen ramin, ya raba wainarsa biyu, ya ajiye rabi a kan tsumma a gefensa, yana magana ƙasa-ƙasa: "Saura kaɗan, Eufrosina. Ci mana." Ta ce sai da ta tsaya ta share ido kafin ta yi gyaran murya.

"Kawu, ashe kai ne? Me ya hana ka faɗa musu?"

"In ce musu me, 'yar nan? San Cleto ne yake buɗewa. Sai dai hannunsa na itace ne, ba ya riƙe shebur."

"Amma kai kaɗai?"

"Na kira, ai. Kin ji da kunnenki."

Kai ne, Don Cleofas, ka kira ba a amsa ba, kuma ba ka yi fushi ka ajiye ba. Kai ne ka ciyar da gari guda, garin yana yi maka dariya da bakin da yake taunar kifinka. Na Eufrosina, maƙwabcin teku. Ina rubuta wannan kunya tana cina, don ni ma ina cikin masu dariyar.

Bara, daf da faɗuwar damina, ya zame a mashiga ya karye a ƙugu. Muka je dubiya, gaskiya mun je, da miya da ayaba. Duk wanda ya shiga sai Don Cleofas ya kama hannunsa ya ce, "Ku je ku haƙa. Ruwa na zuwa." Mu kuma mu ce, "Kwanta ka huta, kawu. San Cleto bai taɓa saɓa mana ba."

Ruwa ya zo. Tafkin ya cika, ya haura tsakar gidaje, hanya ba ta buɗe ba. Aka ƙara kyandir. Ruwan ya yi kore. Aka yi addu'ar kwana da kwanaki. Sai wata safiya muka tashi kifi ya rufe fuskar tafkin, ciki sama, ungulaye sun jeru a kan rufin makaranta, wari ya hana yara cin abinci. Da haushi ya ci mutane, suka yi abin da kakanninmu kan yi wa waliyyin da ya ƙi ji: suka juya fuskarsa bango.

A nan ne Doña Gudelia ta shigo cocin, ƙafarta duk taɓo.

"Ku juyo da bawan Allah, me ya yi muku? Shi bai saɓa ba. Leburansa ne yake kwance, ku kuka kai masa ayaba!"

Ta wuce gidan Don Cleofas, ta sauko da katantanwar daga ƙusa, ta kaɗe ƙura ta busa. Mace ba ta taɓa busa ta ba a garin nan, kuma ƙarar da ta fito kamar ta ɗan maraƙi mai mura, amma an fito. Mata ne da tsofaffi, don su suka rage. Aka ɗauko Don Cleofas cikin ragar lilo aka sa a kwalekwale. Daga kwance ya nuna mana wurin. Tiburcio bai yi nisa da haƙa ba tafin hannunsa ya yi bororo, ya dafa shebur yana haki.

"Compadre, wannan kake yi kullum?"

"Susa ce kawai," in ji Don Cleofas.

Babu wanda ya yi dariya. Hanya ta buɗe kashegari, amma mun makara. Kifin shekarar ya tafi, jatan lande bai shigo ba, gidaje da yawa wake suka ci har rani.

Ƙugun bai ɗoru daidai ba. Makon jiya 'yarsa Hermila ta zo ta tafi da shi Puebla, gari a kan tudu, inda ko ƙamshin gishiri ba ya kaiwa. Ana gobe tafiya ya roƙi a kai shi bakin tudun yashin. Ya daɗe yana kallon teku. Sannan ya dogara da kafaɗar Tiburcio, ya kafa sheburinsa a yashi, ya danna da ƙafarsa mai lafiya.

"Kada wanda ya mayar min da shi gida," ya ce. "Gidan ba kowa."

Mun gode, Don Cleofas. Godiyar ta zo a makare, kamar gayyarmu, amma daga zuci take. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka sami wanda za ka raba wainarka da shi a can. Hermila ta ce da safe kakan leƙa taga ka tambaya ko an yi ruwa a gida.

An yi, kawu. An yi shekaranjiya, an yi jiya, kuma teku ta riga ta sake toshe hanya.

Ku kuma 'yan Barra de San Cleto, na gida da na arewa, ku kunna kyandir ɗinku, babu mai hana ku. Amma jiya na tuƙa har can na duba. Sheburin yana nan tsaye inda ya kafa shi, yashi ya kai rabin ƙotarsa, kuma babu sawun kowa a kusa da shi.